Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar: talaka ne ya ji a jikinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan takunkumin kasuwanci da na kuɗi da ake ƙaƙaba wa ƙasashe idan rikici ya taso, domin mu 'yan Arewa mun ga aikinsa a ƙofar gidanmu, kuma bai dace a rufe wannan babi ba a yi masa lissafi ba.

A nan Abuja shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka zauna ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, suka rufe iyakoki da Nijar, suka dakatar da hada-hadar kuɗi da ita, suka kuma riƙe kadarorinta da ke bankunan yankin. Najeriya ta ƙara da yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar take sha daga wajenmu take zuwa. Ba na goyon bayan juyin mulki, kuma ina ganin tsare Bazoum zalunci ne, amma wajibi ne a tambaya: wa ya ji wannan hukunci a jikinsa?

Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, da muƙarrabansa ba su kwana cikin duhu ba. Waɗanda suka sha wuya su ne majinyata a asibitocin da ake ajiye allurai a firiji, da mai walda da mai injin niƙa da sana'arsu ta tsaya cak. A Illela da Jibiya da Maigatari manyan motoci sun yi jerin gwano makonni suna jira, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu, kayan gwari na ruɓewa, masu su na kallo ba yadda za su yi. A gadar Malanville da Gaya, inda kayan Nijar daga tashar Kwatano suke bi, abinci da magani sun maƙale, har mutane suka koma tsallake kogi a kwalekwale. Dillalan dabbobi a kasuwar Dei-Dei ta Abuja ma sun shaida, domin raguna da shanu da yawa daga Nijar fatake suke kawo su. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk wannan wahala ba ta biya buƙata ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin, bayan dattawa irin su Janar Yakubu Gowon, wanda da shi aka kafa ƙungiyar a 1975, sun yi kira a sassauta, kuma a ranar Bazoum yana nan a tsare. Kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu, ficewar da ta tabbata a Janairun 2025. Sojojin kuwa sun samu wanda za su ɗora wa laifin tsadar rayuwa, jama'a suka ƙara rungumarsu. Haka aka gani a Iraƙi, inda takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki tsawon 1990 zuwa 2003, talakawa suka tagayyara, Saddam yana kan kujerarsa har yaƙi ya tumɓuke shi. Rasha kuma, da aka ƙaƙaba mata takunkumi a 2022, da yake babbar ƙasa ce mai arzikin mai, ta samu masu saye a Indiya da Sin. Nijar ba ta da teku, ba ta da irin wannan mafita.

Saboda haka ina kira ga ECOWAS ta rubuta a dokokinta cewa abinci da magani da wutar lantarki ba sa shiga takunkumi ko da wane irin laifi aka yi, sai dai a nufi masu laifin su kansu, a hana su tafiye-tafiye, a rufe asusunsu. Ina kuma kira ga sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai na Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, su nemi a kafa ƙa'idar da za ta hana rufe wannan iyaka sai an ji ta bakin gwamnoni da sarakuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwar jihohin, tunda gidajen da za a raba da 'yan'uwansu da abincinsu a mazaɓunsu suke.

Wassalam.

Mai karatunka,
daga Kubwa, Abuja