Rahoton ayyukan shekara na kwamitin taimakon marasa lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, iyayenmu dattawa da iyayenmu mata, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Kamar yadda aka saba ga rahoton abinda kwamitinku na marasa lafiya ya yi, lissafin kuɗi kuma ma'aji zai karanta shi ranar taro da rasit ɗinsa a hannu, duk mai tambaya kan kuɗi dan Allah ya ajiye sai ranar.

Abinda ya fi cin kuɗin asusu bana shi ne tiyatar gaggawa, kuma in zan faɗi gaskiya yawancinta da ba zata zama gaggawa ba in da an zo da wuri. Ku ɗauki ƙaba. Mutum zai shekara da shekaru yana ganin kumburi a matsematsinsa, in ya kwanta ya koma in ya ɗaga kaya ya fito, yana jin kunyar faɗa, yana shan jiƙo, alhalin ƙaba ɓula ce a bangon ciki da hanji ke leƙowa ta ciki, babu wani jiƙo ko ƙwaya da zai ɗinke ɓula. In aka yi aikin cikin natsuwa ƙaramin aiki ne, sau da yawa allurar baya kawai za'a yi maka idonka biyu, kwana ɗaya biyu a sallame ka. Amma ranar da hanjin ya maƙale ya ƙi komawa, jini ya daina zuwa wajen, cikin awoyi sai ya fara ruɓewa, to nan ne ake bugo mana waya ƙarfe biyun dare. Wani bawan Allah mai turin baro da muka kai bana haka ya zo, yana amai cikinsa ya kumbura tim, sai da aka yanke wani sashe na hanjinsa, aka ƙara masa jini, ya jima a kwance iyalinsa ba mai nemo musu abinci. Alhamdulillah ya tashi. Amma kuɗin da ya tafi a kansa da ya ishi aikin mutane da dama irinsa.

Afendiks ma labarin ɗaya ne, ciwo ya fara daga cibiya ya gangara gefen dama ta ƙasa, ga zazzaɓi ga rashin cin abinci, sai a wuce kyamis a ce olsa ce ko taifod a yi ta ƙarin ruwa a gida har abin ya fashe. Ita kanta taifod ɗin in ba'a yi maganinta yadda ya kamata ba tana huda hanji, musamman a yara, kuma mun ga wannan bana, Allah ya kiyaye mana zuri'a.

Sai ɓangaren haihuwa, wanda nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Matsalar da muka fi fama da ita ba kuɗi ba ce, sa hannu ne. Likita ya duba ya ce jariri ya zo a gicciye, ko mahaifa ta sauko ta tare hanya, ko jijjiga ta kama uwa, dole a yi aiki yanzu, sai maigida ya ce bari ya kira yayansa, yaya ya ce a jira Hajiya, Hajiya ta ce a danginmu ba'a yanka mace. Wallahi na tsaya a barandar asibiti ina kallon nas riƙe da takarda da biro tana roƙon magidanci, baiwar Allah na ciki tana ta zubar da jini. Dan girman Allah maza mu yi wa kanmu faɗa, a gama wannan shawara tun lokacin awo, kar a bari sai an zo ƙofar tiyata. Mata membobinmu sun yi ƙoƙari sosai wajen raka masu ciki awo, Allah ya saka. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, ba kowane asibiti ne ke cikin shirin ba, don haka a riƙa tambaya tun ranar da aka yanki katin awo.

Doguwar naƙuda kuma ita ce uwar yoyon fitsari, kan jariri ya danne mafitsara da ƙashin ƙugu tsawon lokaci har naman wajen ya mutu ya ɓule. Ba aljanu bane, ba kuma laifin matar bane. Mun raka waɗanda muka samu labarinsu daga ƙauyukan da ke kusa zuwa cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a nan Kano, akwai kuma babbar cibiya ta Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan Holand Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki. Abinda muka fi ɗauka shi ne kuɗin mota da abinci da sabulu, da kuma zama da mazajensu a fahimtar da su ƙa'ida, za'a bar mata robar fitsari kamar sati biyu, ta yi ta shan ruwa da yawa, babu kwanciyar aure sai watannin da likita ya yanka sun cika, in ta sake samun ciki kuma a asibiti zata haihu ta hanyar aiki. Ɗaya daga cikinsu mijinta ya mayar da ita ɗakinta kafin azumi, mun ji daɗin wannan ƙwarai.

Aikin ido shi ne wanda ya fi sauƙi kuma ya fi faranta rai. Yanar ido aikin mintuna ne, a kashe zafin wajen, a cire madubin cikin ido da ya yi fari a saka na roba, washegari a buɗe bandeji tsoho ya fara kiran sunayen jikokinsa. Ga asibitin ido na ECWA ga na Makka duk a cikin gari. Roƙona kawai a daina kai tsofaffi wajen masu tura yanar cikin ido da tsinke, da yawa sun rasa idon gaba ɗaya. A kuma sani hawan jinin ido daban yake da yana, shi abinda ya tafi baya dawowa, sai dai a tsare ragowar da maganin ɗigawa ko aiki, shi yasa duk wanda ya haura 40 ya kamata ya je a auna.

Karaya kuwa matasanmu masu babur ne, wasu mun samu sun yarda an kai su asibitin ƙashi na Dala, wasu iyaye sun ɗauke su zuwa wajen mai ɗori. Ba muna raina masu ɗori bane, amma karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito, ko ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi suka canza kala, wannan ba wajensu bane, yaro na iya rasa hannu. Mun kuma taimaka wa dattawa masu toshewar fitsari saboda kumburin furostat, da mata masu faibroid, wato ƙari a mahaifa. Masu wankin ƙoda kam gaskiya asusunmu bazai iya ba, abu ne na sau biyu zuwa uku duk sati, iyakarmu ɗan tallafi da haɗa su da masu hali. Abinda zamu iya shi ne awon hawan jini da siga da muke yi kyauta bayan sallar Juma'a, tunda su biyun ne kan gaba wajen lalata ƙoda.

Jini na nan yana bamu wahala. Duk aikin da za'a yi sai an ce a kawo leda ɗaya ko biyu, kuma kullum mutanen nan ne dai ƙalilan ke bayarwa. Namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk bayan wata 3, abinda ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Mun buɗe rajista da rukunin jinin kowa, matasa dan Allah ku zo ku sa suna.

Shawarar da kwamiti zai kawo gaban taro ita ce a ware wani kaso na asusu don aikin da aka tsara tun kafin ya zama gaggawa, irin su ƙaba da ido, wani kason kuma a biya wa mafi rauni a cikinmu inshorar lafiya, tunda dokar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta ta ga kowa, a jiharmu kuma ga hukumar KSCHMA mai kula da inshorar lafiya ta Kano. Na san wasu dattawanmu na ganin kuɗin taimako na wanda ke kwance ne kawai, zamu saurare su da girmamawa, amma ni dai ina goyon bayan shawarar ɗari bisa ɗari.

Waɗanda muka rasa bana Allah ya jiƙansu ya sa jinya ta zama kaffara, na kwance Allah ya tashi kafaɗunsu. Taro na nan Lahadin farko ta sabon wata bayan la'asar a inda muka saba, mai son rajistar inshora ya taho da lambar NIN ɗinsa da ta iyalinsa, waɗanda ake bi kuɗin wata kuma a taimaka a biya kafin ranar.

Naku,
Sakataren kwamiti