Sanarwa: Kallon Fim na Wannan Makon

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan makon aikin Sharmeen Obaid-Chinoy za mu kalla, ƴar Karachi ta Pakistan, wadda ta lashe kyautar Oscar har sau biyu da gajerun finafinan gaskiya. Na farko a 2012, Saving Face, kan matan da aka watsa wa ruwan batir a fuska. Na biyun, A Girl in the River, a 2016, shi ya fi tsaya mini a rai: budurwa ce mahaifinta da baffanta suka harbe, suka jefa a kogi, Allah ya yi da sauran kwananta. A shekarar majalisar Pakistan ta tsaurara dokar irin wannan kisan da dangi ke yi da sunan kare mutuncin iyali. Don Allah kowa ya kalla kafin Asabar, mu tattauna bayan Isha'i.