Mai son haɗa sifika a gida ya fara da akwati

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu sha'awar kayan sauti, da kafintoci, da masu gyaran rediyo, kan sana'ar haɗa sifikar ɗaki, wadda ba ta cin kuɗi kamar yadda ake zato.

Duk wanda ya zagaya shagunan kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san yadda ake tallar sifika da yawan wat, har a ga ɗan ƙaramin akwatin roba an rubuta masa wat dubu ɗaya. Yawancin irin waɗannan lambobi na PMPO ne, wato ƙarfin da ake cewa sifika za ta ɗauka na ƙiftawar ido, alhali lambar RMS ce take nuna abin da za ta jure na tsawon lokaci. A ɗakin zama kuwa, wat 15 zuwa 20 na gaskiya sun wadatar, domin ninka wat sau biyu ba ya ƙara wa sauti sai desibel 3, ƙarin da kunne yake ji kaɗan ne kawai.

Abin da ya fi tasiri shi ne akwati, kuma a nan na fara tuntuɓe. Karon farko na kai wa wani kafinta sifika mai inci shida da rabi, ya ƙera mata ƙaton akwati da siririn filawud bisa tunaninmu cewa girma shi ne ƙarfi, sai muka samu abin da yake gunji kamar an buga tsohon daro. Mun ɗauka akwatin sifika tamkar ƙwaryar goge ne, ashe aikinsu kishiyar juna ne. Ƙwaryar goge ana so ta amsa ta ƙara wa tsirkiya murya, shi kuwa akwatin sifika ana so ya yi shiru. Idan faifan sifika ya tura iska gaba, bayansa yana jan iska baya, kuma idan iskokin biyu suka haɗu sai su kashe juna, musamman a kaurin sauti. Aikin akwati shi ne ya tsare iskar baya, don haka dole jikinsa ya yi kauri, kuma kada a bar kafa ko ɗaya tana yoyon iska.

Girman akwatin ma ba da ido ake yanke shi ba. A 1961 injiniyan Ostireliya Neville Thiele ya fitar da lissafin da ke daidaita sifika da akwatinta, Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma har yau kamfanonin kirki suna buga waɗannan alƙaluma tare da kowace sifika. Wanda ya same su yana iya zuba su a manhajar WinISD, wadda kyauta ce, ta nuna masa lita nawa ake bukata. Matsalarmu ita ce sifikun da ake cirowa daga tsofaffin rediyo da motoci ba sa zuwa da takarda. Shi ya sa nake ba mai koyo shawarar ya fara da rufaffen akwati, irin wanda Edgar Villchur ya yi fice da shi a Amurka tun 1954, saboda yana haƙuri da kuskuren awo. Akwati mai bututun iska yana ƙara kaurin sauti, amma tsawon bututun da faɗinsa sai an lissafa su, in ba haka ba sai ya riƙa huci kamar ana busa bakin kwalba.

Cikin akwati mai santimita 20 da 25 da 40 lita 20 ke nan, kuma wannan yakan dace da yawancin sifiku masu inci shida da rabi. Falle ɗaya na katako mai kaurin milimita 18 ya isa akwati biyu har a samu ragowa. MDF, wato katakon da ake yi da garin itace da aka matse, yana da sauƙin yanka amma yana kumbura idan ya sha damshin damina, sai an shafe shi da fenti ciki da waje, saboda haka na fi son filawud mai kyau. A haɗa da gam da sukuru, a gicciya katako ɗaya a ciki don hana ɓangarorin rawa, sannan a sa audugar matashi ba tare da an danna ta ba.

Ƙaramar sifikar siririn sauti, wadda masu gyara suke kira tiwita, ba a jona ta kai tsaye, domin kaurin sauti zai ƙona ta. Kondensa marar kai da gindi, wato wadda ba ta da ɓangaren + ko -, mai maikurofarad 4.7 da aka jona a kan wayar tiwita mai om 8 tana rage abin da ke ƙasa da kimanin haz 4,000. Kafin a kama waya da dalma, a taɓa bakin babbar sifikar da batirin tocila mai bolt 1.5, idan faifan ya turo waje to wayar da ke ɓangaren + na batirin ita ce ta ja, kuma a bi wannan tsari a akwatunan biyu. Wanda ya jona sifika biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa, wato + da +, - da -, ya sani cewa sun koma om 4, ya duba ko amfilifayarsa za ta ɗauka. Ƙananan allunan amfilifaya masu ɗauke da TPA3116 suna aiki da bolt 12 zuwa 24, don haka batirin sola ma yana tayar da su idan an ɗauke wuta.

Roƙona ga Edita shi ne a ware ɗan fili a shafin kimiyya domin masu wannan aiki su riƙa aiko da awon akwatunan da suka gwada da irin sifikar da suka sa, ta yadda kafinta zai samu lambobin da zai yi yanka a kansu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Fagge, Kano