Masu kiwon kifi, ku duba cikin kifin kafin ku sayi abinci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu kiwon kifi, don abun da ke damuna shi ne yanda muke ɗaukar kifi duk ɗaya ne, buhun abinci guda a zuba wa kowa, alhali cikinsu ba iri ɗaya ba ne sam.

Wanda ya taɓa feɗe tarwaɗa ya san tana da tumbi na gaske mai buɗewa, hanjinta kuma gajere ne, irin na mai cin nama, shi ya sa ƙananan suke son abinci mai furotin wajen kashi 40 cikin 100. Karfasa fa? Tumbinta ɗan ƙarami ne kamar 'yar jaka amma asid ɗin da ke ciki mai ƙarfi ne sosai, shi ke fasa gansakukar da take tacewa daga ruwa, sannan hanjin, wallahi in ka warware shi a kan faranti sai ka ga ya ninka tsawon jikinta sau da yawa, siriri ne a nannaɗe, kuma a maƙogwaro take da wasu haƙoran da ke niƙa abinci kafin ya wuce. Toh kifi mai irin wannan ciki kaɗan-kaɗan ake ba shi sau da yawa a rana, in ka jibga mata a lokaci guda rabi zai nutse ne ya ruɓe ya ɓata ruwa, kai kuma kana cewa ba ta girma. Wani kifin da ake kira kaf (carp) ma ba shi da tumbi kwata-kwata, daga maƙogwaro sai hanji.

Ita ma tarwaɗar ba a ce a cika ta ba, ƙanana in aka matsa musu da ci hanjinsu na iya fashewa. In ruwa ya yi sanyi kuma narkewar abinci na yin sanyi, a rage hannu.

Duk sanda kifi ya mutu kar a yi saurin wurgarwa, a buɗe a duba. Matsarmama in ta kumbura ta yi kore shar, kifin ya jima bai ci ba. Hanta in ta yi fari-fari da kitse, a binciki abincin da ake ba shi.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Wani mai kiwon kifi