Ba kowane inji mai hayaƙi ne na yarwa ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu motoci da 'yan uwana makanikai na nan Kaduna. Ni aikin inji nake yi, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yanzu da zarar mota ta fara hayaƙi ko shan baƙin mai, toh magana ɗaya ce a bakin kowa, wai inji ya mutu sai dai a ɗora Beljiyam. Alhali tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira ta yi ta faɗuwa, kuɗin injin Beljiyam ya yi tashin gwauron zabi, direban Golf ko Sharon da ke lodi a tashar Kawo ina zai samo su? Sai ka ga mota ta yi wata da watanni a kan duwatsu a gareji, iyali na gida suna jira. Kuma shi Beljiyam ɗin nan fa ba sabo ba ne, wani ne ya gama morarsa a Turai ko Amurka, ba ka san tafiyar da ya yi ba, a ƙasa za a tayar maka da shi na minti ɗaya ka ji ƙara, a ba ka garanti na 'yan kwanaki shi ke nan.

Na san dalilin da ya sa mutane suka daina yarda da gyara, kuma ba na ganin laifinsu. An sha yi musu abin da ake kira ringin, a buɗe inji a zare fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ramin silinda, a sa masa sabon ringi a mayar a rufe, bayan wata biyu hayaƙi ya dawo har ya fi na da. Ai dole ya dawo tunda ba a auna komai ba. Silinda idan ta ci ba daidai take ci ba, sama ta fi cinyewa saboda nan ne wuta da matsi suka fi yawa, sa farcenka a bakinta daga ciki za ka ji wani ɗan tudu, wannan tudun shi ne shaidar ramin ya buɗe. Sabon ringi da'ira ne cif, ramin kuma ya zama kamar ƙwai, ta ina za su haɗu? Dole a sa ma'auni a ga nawa ta ci, in ta wuce iyaka a kai bulok wajen masu ribo su faɗaɗa ramin zuwa 0.25 ko 0.50 na milimita, a sayo fistin da ringi masu wannan lambar. In ta wuce haka a sa silib, wato bututun ƙarfe da ake cusawa a ramin, a dawo da ita sitanda, girmanta na asali. Haka karanshaf, sandar ƙarfen da fistin ke juya ta, in ya yi zane a kai a goge shi a sa metal, wato 'yan ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, daidai da lambar da aka goge, ba a sa sitanda a kan wanda aka riga aka goge ba sannan a zo ana mamakin fitilar baƙin mai na kamawa.

Shi kansa fistin ya kamata mai mota ya riƙe shi a hannunsa ya gani. Wani za ka same shi lafiyarsa ƙalau, baƙin dauɗa ne kawai ya daskare ya riƙe ringin mai na ƙasa, ƙananan ramukan da ke bayansa waɗanda baƙin mai ke bi ya koma ƙasa sun toshe. Wannan ciwon sananne ne a injin 1ZZ na tsofaffin Corolla, haka Camry Muscle mai injin 2AZ ta yi suna wajen shan baƙin mai ta dalilin fistin da ringi. Irin wannan in awo ya nuna bai ci ba, a jiƙa shi a wanke a buɗe ramukan da ɗan siririn ƙarfe a sa ringi mai kyau, zai yi aiki. Amma wanda ya tsage, ko kansa ya narke ya huje, ko gefensa ya kwarzane sosai saboda ya kama jikin silinda lokacin da mota ta yi zafi, wallahi wannan ba shi da magani sai sabo. Ina ganin masu kai shi wajen mai walda a cike a goge da fayil, don Allah a daina. Fistin alminiyam ne, walda na canza masa ƙarfi da nauyi, ran da ya fashe a hanyar Zariya ko ta Abuja da fasinja a ciki sai ya fasa bulok ɗin gaba ɗaya, a nan kam inji ya mutu da gaske.

Sai wajen haɗawa. A wanke bulok da hanyoyin mai tas, don garin ƙarfen da ribo ya bari shi ke cinye sabon metal. Bakin ringi kada a jera su layi ɗaya, a rarraba. A duba kibiya ko ɗigon da ke kan fistin ya kalli gaba. Tof silinda a duba ko ta lanƙwashe kafin a sa gasket, kuma a ɗaure ta da tok renci, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, bisa lamba da tsari daga tsakiya zuwa waje, ba a saƙa bututu a sifana yaro ya hau da ƙafa ba.

Masu motoci ku ma da naku. Yawancin fistin da ke zuwa hannunmu a ƙone zafi ne ya kashe su, lagireto na yoyo ana ta ɗura ruwan rijiya ana tafiya, allura ta hau ja a ce bari dai in ƙarasa gida. Ga baƙin mai na kwalba a bakin titi, ga filtar iska da ba a dubawa duk ƙurar hunturu ta shige inji tana cin silinda. Kuma bayan an yi obahol, wato wannan gyaran inji gaba ɗaya, ba a fita da mota a take ta ranar, a bi ta a hankali, a zubar da baƙin man farko da filta bayan kamar kilomita 1,000.

Abin da ke ƙona min rai shi ne Kaduna ce fa. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, 504 da aka haɗa a garin nan har yau wasu na kan hanya saboda an yi ta yi musu obahol, kuma dattawan da suka koyi aiki da ma'auni a wancan zamanin wasunsu suna raye suna zaune a gida. Ga kasuwar masu ƙere-ƙere ta Panteka, ga Kaduna Polytechnic, ga hedikwatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa NBTE duk a gari ɗaya. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA na jiha su zauna da waɗannan hukumomi a samar da wajen awo ko guda ɗaya a Panteka, mai maikuromita da ma'aunin silinda da tok renci, inda ƙaramin bakanike zai kai bulok da fistin ya biya ɗan abin da ya sauƙaƙa a rubuta masa lamba a takarda, a ɗauko dattawan nan su riƙa koya wa yara. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta leƙa kasuwannin kayan gyara, don ringi da gasket na jabu a cikin kwali mai kyau sun yi yawa, ko gwani ne ya haɗa inji da su ba zai kai labari ba.

Kafin a kai ga haka, duk wanda aka ce wa injinsa ya mutu ya ce a buɗe a gabansa, a nuna masa fistin da silinda, a faɗa masa lambar da aka auna, sannan ya kwatanta kuɗin gyaran da na Beljiyam. Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani bakanike daga Kurmin Mashi, Kaduna