A daina ɗora wa Hattie McDaniel laifin da ba nata ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatanku, don Allah a bani ɗan fili in tanka wa mai rubuta muku shafin nishaɗi akan rubutun da yayi kwanakin baya game da baƙaƙen fatan Amurka da suka ci kyautar Oscar. Rubutun ba laifi yayi ƙoƙari, amma da yazo kan Hattie McDaniel sai ya sallameta a layi biyu, wai eh itace ta farko amma ai da fitowa a baiwa ta samu, don haka ba wani abun alfahari bane, daga nan ya zarce kan Sidney Poitier. Haba malam! Matar da tayi shekara kusan ashirin tana fama a Hollywood, ace iya abunda za'a faɗa akanta kenan?

Da farko a san wacece ita. A 1893 aka haifeta a garin Wichita na jihar Kansas, wato shekara 28 kacal bayan an haramta bauta a Amurka, kuma iyayenta duka biyun a cikin bauta aka haifesu. Babanta Henry McDaniel har yaƙin basasar Amurka yayi a rundunar baƙaƙen fata ta ɓangaren Arewa, itace auta cikin 'ya'ya 13. Kenan in ana zancen bauta ba a littafi ta karanta ba, a gidansu ta tashi ta tarar da waɗanda suka ɗanɗana. A Denver ta jihar Kolorado ta girma, kuma da waƙa ta fara ba da fim ba, tana yawo gari gari da masu kiɗa, ta shiga rediyo a shekarun 1920, har faifai ta buga da kamfanonin Okeh da Paramount. Sai tattalin arzikin Amurka ya ruguje a 1929 komai ya tsaya cak, mawaƙiya guda mai faifai a kasuwa ta koma tsaron banɗakin mata a wani kulob kusa da Milwaukee tana miƙa wa matan turawa tawul, sai daga baya da ƙyar mai wajen ya yarda ta hau dandamali ta rera waƙa.

A 1931 ta bi yayanta Sam da 'yan uwanta mata zuwa Los Angeles. In an samu ɗan aikin fim ko na rediyo tayi, in babu ta tafi gidan turawa tayi wanke wanke da girki na gaske ba na kamara ba. Shiyasa maganar nan da ake yawan danganta mata, cewa gara ta fito a 'yar aiki a biyata dala 700 a sati da ta zama 'yar aikin gaske a biyata dala 7, ni bana jinta a matsayin baƙar magana ko raha, lissafi ne na wadda ta gwada duka biyun.

To yanzu tambayata ga marubucinku, a wane matsayi yake so ta fito? Likita? Lauya? Matar jarumi? Waye zai rubuta mata wannan labarin a 1935? Manyan kamfanonin Hollywood na lokacin su ke da labari, su ke da kuɗi, su ke da darakta, da yawansu ma har gidajen sinimar nasu ne. Dokar tace finafinai da aka tsaurara a 1934 ƙarara ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari. Sannan ga kasuwar jihohin Kudu da kamfanonin ke tsoron rasawa, a Memphis akwai wani shugaban hukumar tace fim mai suna Lloyd Binford da yayi ƙaurin suna wajen sa almakashi ya yanke duk inda baƙar fata ya fito da mutunci, har waƙoƙin mawaƙiya baƙar fata Lena Horne ya dinga cirewa daga finafinai kafin a haska. Eh akwai irinsu Oscar Micheaux da ke shirya nasu finafinan na baƙaƙe zalla, Allah ya saka musu, amma da ɗan jarin da bai taka kara ya karya ba suke yi, ba inda mutum zai dogara ya ci abinci bane duk shekara. A irin wannan yanayin in ka kama 'yar wasa da zagi ka ƙyale furodusa, ai ka bar jaki kana dukan taiki.

Kuma fa kar a ɗauka wai ina wanke fim ɗin Gone with the Wind ne, wanda da shi ta ci kyautar. Ko kaɗan. Fim ne da ya shafe kusan awa huɗu yana yi wa zamanin bauta kwalliya, ya nuna kamar bayin nan suna jin daɗin zamansu, iyayen gijinsu mutanen kirki ne da yaƙi ya zalunta. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma baƙaƙen fatan da suka yi zanga zanga a ƙofar sinima lokacin da ya fito suna da gaskiya. Ita kanta Mammy ɗin da Hattie ta fito a matsayinta, ba'a nuna mata miji ba, ba 'ya'ya, ba wani buri nata na kanta, rayuwarta kaf hidimar 'yar gidan ce. Wannan duk na yarda.

Amma duk wanda ya zauna ya kalla tsakani da Allah zai ga abunda matar nan tayi da ɗan abunda aka bata. A duk gidan itace kaɗai ke iya kallon Scarlett, wato 'yar gidan, ido cikin ido ta gaya mata gaskiya, harara ɗaya in tayi ta wadatar. Akwai waje ɗaya can kusa da ƙarshe, bayan yarinyar Scarlett da mijinta Rhett ta faɗo daga doki ta mutu, Mammy na hawa bene tare da Melanie, 'yar uwar mijin Scarlett na farko, tana bata labarin yanda uban ya kulle kanshi a ɗaki da gawar ya hana a binne, tana magana tana kuka numfashinta na sarƙewa, kamara na biye dasu. Ba'a nuna mana abunda ya faru a ɗakin ba ko kaɗan, a muryarta kawai muka gani. Wallahi ko yau ka kalli wajen nan sai jikinka yayi sanyi. Kuma abun sha'awa ita Olivia de Havilland da ta fito a Melanie ɗin, tare suka yi takarar wannan kyautar a rukuni ɗaya, Hattie ta kayar da ita. Kenan ba sadaka aka bata ba.

Sai kuma yanda aka yi mata. Ranar 15 ga Disamba 1939 aka fara haska fim ɗin a Atlanta ta jihar Jojiya, gari ya cika ya batse, gwamna ya bada hutu, amma ita da sauran baƙaƙen da suka fito a ciki babu wanda ya halarta sabida dokar wariya. Wani abun mamaki, cikin yaran cocin baƙaƙe da aka kawo suyi waƙa a liyafar da aka haɗa don fim ɗin, an sa musu kayan bayi, akwai wani ɗan shekara 10 mai suna Martin Luther King. Wato a matsayin kayan ado an yarda baƙi ya shigo, a matsayin baƙon da aka gayyata kuwa a'a.

Ranar 29 ga Fabrairu 1940 aka yi bikin Oscar a otal ɗin Ambassador na Los Angeles, shima otal ne da baya karɓar baƙar fata, sai da furodusan fim ɗin David Selznick ya nemi alfarma kafin a barta ta shiga. Da ta shiga ma ba'a zaunar da ita a teburin jaruman fim ɗin su Vivien Leigh da Clark Gable ba, can jikin bango aka aje mata ɗan ƙaramin tebur ita da wanda ya rakota da wakilinta. Daga can ta taso ta ratsa zauren ta karɓi kyautarta, tace tana fatan ta zama abun alfahari ga jinsinta da masana'antar fim, ta sauko tana share hawaye. Sai bayan shekara 24 Poitier ya ci nashi a 1964, mace baƙar fata kuwa ba'a sake samu ba a fannin wasa sai Whoopi Goldberg a 1991, shekara 51 kenan.

Kyautar kuma bata canza mata komai ba, haka aka cigaba da ɗaura mata ɗankwali ana miƙa mata tire. Ana lissafin ta fito a finafinai sama da 300, waɗanda aka rubuta sunanta a ciki basu wuce tamanin da 'yan kai ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma ga ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ƙarƙashin Walter White ta sakota a gaba. Shi White a 1942 yaje Hollywood ya zauna da shugabannin kamfanoni akan su daina nuna baƙi a matsayin bawa da wawa, manufa mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Sai dai su 'yan wasan da abun zai shafi tukunyarsu sun ji haushin an tsallake su anje ana yanke hukunci akansu, kuma abunda suka ji tsoro shi ya faru, kamfanoni suka rage rubuta 'yan aiki a labari amma basu maye gurbin da wani abun kirki ba, kawai aiki ya ragu. Fim ɗinta na ƙarshe a 1949 ya fito.

Abunda yafi bani takaici da marubucinku bai ko ambata ba shine maganar gida. Da kuɗin fitowa a 'yar aikin nan da ake raina mata ta sayi katafaren gida a unguwar West Adams ta Los Angeles, wadda aka fi sani da Sugar Hill, inda 'yan wasa baƙaƙen fata su Louise Beavers da Ethel Waters suma suka sayi nasu. A lokacin takardun gidaje da yawa a Amurka suna ɗauke da sharaɗin cewa ba'a sayar wa baƙar fata ba'a bashi haya. Sai wasu maƙwabta turawa suka ɗauki wannan sharaɗin suka garzaya kotu a 1945 wai a fitar da baƙaƙen daga gidajen da suka saya da guminsu. Hattie bata tattara kayanta ba, tana cikin waɗanda suka ja gaba wajen haɗa kan mutanen unguwa, ana taruwa a falonta ana shawara, suka ɗauki wani lauya baƙar fata Loren Miller, shi kuma ya kafa hujja da gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka wanda yace kowa daidai yake a gaban doka. A watan Disamba na shekarar alƙali Thurmond Clarke yayi fatali da ƙarar. Shekara uku bayan haka, a 1948, kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa babu kotun da zata ƙara tilasta irin wannan sharaɗin a duk faɗin ƙasar, kuma Miller ɗin nan yana cikin lauyoyin da suka tsaya tare da fitaccen lauya baƙar fata Thurgood Marshall. To don Allah wannan ce matar da za'a ce ta miƙa wuya? Ita dai ta san inda take da ƙarfi ne, a gaban darakta bata da ta cewa, akan gidanta kuwa ta tsaya ƙyam. Daga baya dai a shekarun 1960 hukuma ta ratsa tsakiyar unguwar da babban titi, wannan kuma wani zancen ne daban.

A 1947 ta koma rediyo ta karɓi shirin Beulah na gidan CBS. Nan ma 'yar aiki ce, amma ku ji wani abun dariya mai ciwo, kafin ita wani bature ne namiji yake maƙale murya yana kwaikwayon baƙar mace a shirin. Da zuwanta ta zama baƙar mace ta farko da ke jan ragamar shiri irin wannan a rediyon Amurka, shirin kuma ya karɓu sosai har aka maida shi talabijin, sai dai ciwo bai barta ta jima a ciki ba.

Sankarar mama ce tayi ajalinta ranar 26 ga Oktoba 1952 tana da shekara 59. Tayi aure sau huɗu Allah bai bata haihuwa ba. Ta bar wasiyya a binneta a maƙabartar Hollywood inda manyan taurari ke kwance, masu wajen suka ce basa binne baƙar fata, aka kaita maƙabartar Rosedale wadda itace zaɓinta na biyu, da alama ta san za'a rina shiyasa ta rubuta biyu. Sai a 1999 sabbin masu maƙabartar Hollywood ɗin suka nemi a dawo da ita, danginta suka ce a barta inda take, sai aka kafa mata dutsen tunawa kawai.

Ita kuma kyautar, ba mutum mutumin zinaren da muka sani bane, a lokacin ɗan allo ake baiwa mataimakan jarumai. Ta bar wasiyya a kai shi Jami'ar Howard ta baƙaƙen fata dake birnin Washington, aka kai aka aje a sashen wasan kwaikwayo, can wajen ƙarshen shekarun 1960 ko farkon 1970 aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa, har yau ba'a ganshi ba. Sai a watan Oktoba 2023 hukumar Oscar ta ƙera wani ta miƙa wa jami'ar a madadinsa.

Na gode Edita da wannan dama, a gaida mutanen ofis.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku daga Zariya