Zuwa ga Gwamnan Bauchi: a tsaya wa makafinmu a wurin 'yan sari

Mai girma Gwamna, Sanata Bala Muhammad, Kauran Bauchi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan kasuwa ne, ina da ɗan shagon kayan masarufi kusa da Wunti. Ban taɓa rubuta wa shugaba wasiƙa ba. Abin da ya faru a cikin gidanmu ne ya sa na ɗauki biro.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, direba ne a da, yana jigila tsakanin Bauchi da Azare. Hawan jinin ido ya shige shi ba mu ankara ba, domin ciwo ne mai cin gani a ɓoye, daga gefe-gefe, ba zafi ba ja. Kafin mu kai shi asibiti aikin gama ya gama. Likita ya gaya mana gaskiya, abin da wannan ciwo ya ɗauke ba ya dawowa. Shekara biyu yana zaune a zaure. Masu zuwa jaje suna zuwa, wasu cikinsu da kyakkyawar niyya suna ba shi shawarar a nemo masa yaro ɗan jagora ya riƙa zuwa ƙofar masallacin Juma'a. Duk ranar da aka faɗa masa haka ba ya iya cin abincin dare.

Wata rana na ɗauko shi zuwa shago don ya sha iska. Ina ciniki, ya laluba ya ɗauki kwalbar turare, ya buɗe, ya shinshina, ya ce da ni: "Yaya, wannan an surka shi." Na musa. Da na bincika, haka ɗin ne, ni mai ido an yi mini sakiyar da ba ruwa. Washegari na zuba masa kwalabe goma sha biyu da 'yan sabulai a jaka, na ce ya gwada. Bai je ko'ina ba sai tasha, wurin tsofaffin abokansa direbobi. Kafin la'asar jakar ta zama wayam. Yau yana da gidajen da yake kai wa kaya duk mako, da majalisun da ke jiransa bayan magariba, kuma rabin cinikinsa ta waya yake yi: a aiko masa da saƙon murya ta WhatsApp, ya haɗa kayan, mai keke napep ɗin da suka saba ya kai.

Ranka ya daɗe, irin wannan ciniki na kai kaya hannu da hannu ya dace da wanda ya rasa gani fiye da yadda mutane ke zato. Ba ya buƙatar kuɗin hayar shago. Jarinsa baki ne mai daɗi, da riƙon amana, da ƙwaƙwalwa mai riƙe lissafi, da sanin mutane. Duk wanda ya zauna da makafi ya san yadda suke gane mutum da sallamarsa kaɗai, ya san kuma mahaddata nawa ne a cikinsu. Wanda ya riƙe izu sittin a ka, farashin kaya iri ashirin da sunayen masu bashi ba za su gagare shi ba. Ga mata kuma abin ya fi armashi. Makauniya tana shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, ta zauna da matan aure a tsakar gida, ta sayar musu da humra da turaren wuta da lalle da man shafawa, kayan da hanci da yatsa ne ke tantance su. Dillaliya ba baƙuwa ba ce a al'adarmu. Abin da ya rage shi ne a buɗe wa waɗannan bayin Allah ƙofar.

To ina gizo ke saƙar? A wurin 'yan sari. Duk ƙaramin ɗan kasuwa a garin nan, daga Muda Lawal har babbar kasuwa, ya san yadda ake farawa: uban gida ya ba ka kaya, ka sayar, ka kawo uwar kuɗi, ka riƙe riba ko kamashonka. Da ƙanena ya ga jakata ta yi masa kaɗan, ya je wurin wani babban dila da kansa. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, har ya ciro kuɗi zai ba shi sadaka. Ƙanena ya ce ba ita ta kawo shi ba, kaya yake so. Sai dilan ya ce: "Malam, in kaya suka salwanta a hannunka wa zan kama?" Sai da na je na tsaya masa sannan aka ba shi katan biyu. Ban ga laifin dilan sosai ba, dukiyarsa yake karewa. Amma tun ranar nake tambayar kaina, makafi nawa ne a Misau da Ningi da Darazo da Dass suke da wa mai shago da zai tsaya musu?

Nan nake roƙon gwamnatinka ta shigo. An san shirin KEEP da ka zagaya da shi ƙananan hukumomi ana raba jari da kayan sana'a, kuma jihar nan tana da hukumar kula da masu buƙata ta musamman. Ba sabon ofis nake nema ba. Ina roƙon a ware wani kaso a ajiye shi a matsayin jingina, hukumar ta zauna da shugabannin 'yan kasuwa da masu ƙananan masana'antun sabulu da man shafawa, a ce musu: ku ba wa waɗannan mutane kaya, in aka samu asarar da ba ganganci a ciki, asusun zai biya. Kuɗin da aka danƙa wa mutum a hannu ranar taro, in gida ba hatsi, kafin mako ya zagayo sun shige tukunya, kuma ba wanda zai zarge shi. Kaya kuwa suna juyawa. Wanda ya dawo da uwar kuɗi sau uku, a na huɗu dila da kansa zai neme shi, gwamnati ta zare hannunta ta koma kan na baya. Wajen tantance mutane kada a tsallake sarakunan makafi da ƙungiyarsu. Su suka san wanda yake da himma da wanda yake da riƙon amana, da ɗan gari akan ci gari.

Abu na biyu da ke karya musu gwiwa shi ne kuɗin kansu. Takardun naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu girmansu ɗaya ne. Sauyin da aka yi musu a ƙarshen 2022 launi ya taɓa, launi kuwa ba ya gaya wa yatsa komai. Ƙananan na leda, daga naira biyar zuwa hamsin, ana gane su da taɓi, amma yau me suke saye? An taɓa miƙa wa ƙanena ɗari biyu aka ce dubu ce, har ya bayar da canji. Ya dawo gida bai yi maganar kuɗin ba, abin da ya ce kawai shi ne muryar mutumin ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Yanzu kowace takarda da irin ninkin da yake mata, kowace da aljihunta, amma sai wani amintacce ya fara gaya masa ko nawa ce. Na san buga kuɗi ba hurumin jiha ba ne. Sai dai kana zama a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni da gwamnan Babban Banki ke haɗuwa ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa. Kalma ɗaya daga bakinka a can, cewa a sa wa takardun alamar da hannu zai ji ko bayan sun tsufa, ta fi wasiƙa dubu irin tawa.

Kafin a kai ga nan, waya tana rage asara. Wayoyin Android suna da TalkBack, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan fuskar waya, har da alat ɗin banki. Wanda ya iya ta, in aka ce an yi masa tiransifa, da kunnensa zai ji ko kuɗi sun shigo, ba mai nuna masa hoton bogi. Koyon ba ya wuce 'yan makonni, kuma waɗanda suka fi iya koyarwa makafi ne 'yan uwansu da suka yi karatu, irin waɗanda suka fito daga makarantar masu buƙata ta musamman ta Yalwa ko ta Gindiri. A ɗauke su aikin, a biya su. A tuna kuma cewa mafi yawan waɗanda suka makance da girmansu ba su san rubutun makafi ba, don haka horon ya zama da Hausa, da baki, da kaya a hannu: yadda za a ɗaura zare ko roba a wuyan kwalba don bambanta iri, yadda za a naɗi bashi da murya a waya, yadda za a bi unguwa da farar sanda. Sannan a ja hankalin bankuna. Wani banki ya sa ƙanena ya yi sawu uku kafin a ba shi kati, wai sai ya kawo mai ido ya sa hannu a madadinsa, mutumin da yake da mata da 'ya'ya.

Akwai wani abin da nake tsoro, gara in faɗe shi tun yanzu. Da zarar an ji gwamnati za ta sa makafi cikin harkar tallan kaya, masu kamfanonin nan na "kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu" za su yi layi. Za su ce a sayi kayan farawa da tsada, yawanci magungunan da ake cewa suna warkar da kowace cuta, har da ta ido. Ribarsu ba a sayar da kaya take ba, a jawo sabbin mutane take. Mun ga yadda MMM, harkar nan ta zuba kuɗi da alkawarin riba mai tsoka, ta bar jama'a da hawaye a Disambar 2016. Mai ido ma ya faɗa, balle wanda ba zai iya karanta takardar da aka ce ya dangwala wa hannu ba. Duk kamfanin da zai shiga, kayansa su kasance masu lambar NAFDAC, waɗanda mutane ke saye don buƙata, kuma ya yarda ya karɓi abin da bai shiga ba.

Ba mutane kaɗan nake wa magana ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta makafi sama da miliyan ɗaya 'yan shekara 40 zuwa sama, kuma shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ce ta fi kowace yawan kaso, kusan shida cikin ɗari na masu waɗannan shekaru. Yanar ido ce kan gaba, ita kuwa aiki ɗan ƙarami ke cire ta, saboda haka duk wanda zai shiga shirin a fara duba idonsa, wataƙila wani magani yake buƙata kafin jari. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadar musu kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ko an cika wannan kaso, masu takarda zai ɗauka. Direba da manomi da suka makance da rana tsaka kasuwa ce kaɗai za ta ɗauke su.

Kuma duk babban da ya kama ciniki, yaro guda ya tsira. Ɗan jagoran nan da muke gani riƙe da sanda a bakin titi ɗalibi ne da aka cire daga aji. Ɗan ƙanena na fari shi aka so a ba wa wannan aiki, yanzu yana aji biyar na firamare.

Mun taso muna jin labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da farkon suratu Abasa a kansa, wanda ya yi ladanci, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa idan zai yi tafiya. An ba shi amanar gari. Mu katan biyu na sabulu muke roƙo a ba wa namu.

Ƙananan abubuwa ma suna da tasiri: a yafe musu kuɗin tikitin kasuwa, a rufe lambatun da ke buɗe a gefen sababbin tituna, ofisoshi da makarantun kwana su riƙa sayen wani ɓangare na sabulu da omonsu daga hannun ƙungiyoyinsu. Ranar 15 ga Oktoba ce ranar farar sanda ta duniya. Ina roƙon kafin ta zagayo a gwada da mutum hamsin kacal, maza da mata, a Bauchi da Azare, a ba su wata shida a ga lissafi. Idan hukumar tana neman wanda zai fara zama da 'yan sari, ni da ƙanena muna nan Wunti, kuma dilan da ya taɓa miƙa masa sadaka ya ce zai zo ya ba da shaida.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Wunti, Bauchi